Farar Sandar Ikram

Ranar Juma'a ce, an kwana ana ruwa, gari ya waye da yayyafi. A lungunan Ƙofar Mazugal kwatoci sun cika sun tumbatsa, ruwa ya kwaso ledoji da ƙwallon mangwaro ya baje su a ƙofofin mutane. Ɗalha yana tsaye a soro, waya a hannu, ya leƙa lungu ya dawo, ya sake leƙawa.

Da son samu ne, da yanzu yana hanyar kasuwar Dawanau. Abokinsa Sule ya samo masa aikin yaron mota a wata tirela mai kai hatsi Kudu, direban kuma ya ce yana son ganin sa da safiyar nan kafin a gama lodi. Tun da Ɗalha ya bar makaranta a aji biyu na sakandare, babu abin da bai taɓa ba. Ya zauna shagon gyaran waya, ya yi kwandasta, ya koyi ɗinki har ya iya sa aljihu sannan ya gudu. Ko'ina zama ne yake korar sa. Wannan karon aikin tafiya ne, yana ganin shi ne nasa.

Abin da ya tsare shi ƙanwarsa ce, Ikram.

Shekararta goma sha uku. Ƙyanda ce ta tafi da idonta tun tana ƙarama, ta daɗe a gida, har aka ji cewa firamaren da ke bakin titi ta fara karɓar makafi da kurame da guragu, kuma ba a aji daban ba, aji ɗaya da sauran yara. Aka kawo wata malama, Malama Sa'ida, wadda ta iya rubutun makafi, wanda ake hudawa da ɗan tsinke a karanta da yatsa. Yanzu Ikram tana aji biyar, benci ɗaya da wata yarinya Hafsat. Hafsat ce ke karanta mata abin da aka rubuta a allo, ita kuma tana faɗa wa Hafsat amsar lissafi a kunne.

Tun shigarta makaranta Ɗalha ne yake kai ta, shi yake ɗauko ta. Da maganar tirela ta taso, Umma ba ta ɓoye ba.

"In ya tafi wa zai kai ta? Ni ba zan bar tanda da safe ba, da wainar nan muke ci. Sai dai ta zauna a gida."

Malama Sa'ida ce ta zo har gida, ta zauna a tabarma, ta fito da wata farar sanda daga jaka. Sanda ce mai gaɓa huɗu, da roba a cikinta, ana naɗe ta kamar lema, in aka sake ta sai ta miƙe da kanta. Ta ce wannan ba ta dogarawa ba ce, kuma ba ta ja ba ce. Ta taɓa ƙasa ce, dama da hagu, ƙasar ta gaya wa mai ita abin da ke gabansa. Zangon nan gaba ɗaya ta yi tana koya wa Ikram hanyar daga gida zuwa makaranta. Aikin Ɗalha guda ɗaya ne: ya bi ta a baya, kada ya taɓa ta, kada ya yi magana.

Aka tsayar da yau. Ikram za ta fita daga soro ta je ƙofar makaranta da kanta, Malama tana tsaye a can tana jira. In ta isa, Umma ta yarda ta riƙa zuwa ita kaɗai, Ɗalha ya bi motarsa. In ba ta isa ba, maganar Umma tana nan.

Umma ta ɗago daga gaban tanda, hayaƙi yana sa ta ƙifta ido. Ba ta kiran sunan Ɗalha, ɗan fari ne.

"Kai, ko a bari sai Litinin? Ka ga garin."

"Umma, gobe motar za ta tashi."

"Ni ma ba na son a ɗaga," in ji Ikram daga bakin ɗaki. "Na gaya wa Hafsat yau ne."

Umma ta dube ta cikin farin hijabin makaranta, wanda aka goge jiya da garwashi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko wani tsohon hijabinta ruwan ƙasa, mai faci a gefe, ta zura mata a kai har ya rufe jakar da ke bayanta.

"In kin isa ki cire. Kada taɓo ya ɓata miki farin."

A soro Ikram ta saki sandar, ta miƙe ƙas-ƙas. Ta juyo da fuskarta wajen da ta ji numfashin Ɗalha.

"Yaya, ka tuna dai, bakinka a rufe. Na san wannan ya fi maka komai wuya."

"Ke dai kar ki faɗa kwata ki ja min zagi."

"In na faɗa ai ni zan yi wari, ba kai ba."

Ya naɗe ƙafar wandonsa zuwa gwiwa, ya bi bayanta da silifas.

Da farko lafiya lau. Ta bi jikin katangar maƙwabta, sanda tana zuwa dama tana dawowa hagu, ta kauce wa turken tumakin gidan Baba Ilu ba tare da ta taɓa shi ba. Amma ruwan ya canja lungun. Ikram da kunne da hanci take gane kwanoni. A kwana ta farko akwai mai ƙosai, yau itacenta ya jiƙe, ba ta fito ba. A ta biyu akwai injin markaɗe da ake jin sa tun daga nesa, yau ruwa ya shiga shagon, an rufe. Ƙasar ma da ta saba amsa mata da ƙara, ta zama taɓo, sanda sai ta nutse shiru. Ikram ta rage sauri. Ta wuce kwanar injin, ta yi ɗan nisa, ta tsaya, ta shafa bango, ta dawo da baya a hankali har ta same ta.

Wayar Ɗalha ta yi ƙugi a aljihu. Sule ne.

"Kai, kana ina? Wani yaro ya zo tun asuba yana ta yi wa Oga wankin gilashi. In ba ka zo ba, wallahi shi zai ɗauka."

"Ga ni nan a hanya," ya faɗa ƙasa-ƙasa.

"Ina jin ka, Yaya," in ji Ikram, ba ta juyo ba.

Ya kashe wayar ya ci gaba da bin ta. Bai taɓa sanin lungun nan yana da tsawo haka ba. Ƙafarsa tana son gaba, yana danne ta.

Sai suka zo babbar kwata, wadda ake tsallakewa a kan wani katako. Ruwan dare ya tafi da katakon. Ikram ta kai sanda inda ta san yake, ba ta ji komai ba. Ta matsa dama ta sake lalubawa, ta ji ruwa yana gudu. Ta tsaya cak, kanta a ɗan karkace, tana tunani.

Wayar ta sake ƙugi.

Ɗalha ya zagaya ya sha gabanta, ya sunkuya ya ɗaga bakin sandar daga cikin taɓo. Bai yi shawara da kowa ba, ko da zuciyarsa. Tun tasowarsa haka ya ga ana yi, a bakin masallacin Juma'a, a kasuwa, a wajen danja: ɗan jagora a gaba riƙe da bakin sanda, makaho a baya riƙe da kanta. Hannunsa ne ya san abin.

"Yaya, saki."

"Nan kawai zan tsallakar da ke."

Ya ja ta ta wajen da ya fi tsuke, ya ce ta ɗaga ƙafa, ta tsallake. Da suka tsallake kuma bai saki ba, don ya ga yadda tafiyar ta yi sauri.

"Yaya, Malama ta ce…"

"In mun kusa titi zan saki. Ba wanda zai sani. Ki taimake ni, Ikram, na makara."

Sanda ta bar ƙasa, ba ta da abin da za ta yi sai bin inda aka ja ta. Yana gaba yana sauri, hannu ɗaya a baya riƙe da sanda, ɗaya yana danna wa Sule saƙo. Tana baya tana tuntuɓe, tsohon hijabin yana sharar taɓo. Idonsa yana kan waya har bai lura lungun ya ƙare ba, sai da ya ji iskar titi a fuskarsa.

"Yaro, tsaya."

Wani dattijo ne, da farar jamfa da carbi, tsaye a gaban wani shagon atamfa. Irin mutanen nan ne da ba sa barin Juma'a ta wuce ba su fitar da wani abu ba. Ya tako da kansa, yana kauce wa ruwa, ya kama hannun Ikram ta cikin hijabi, ya sa mata kuɗi a naɗe, ya rufe mata yatsu a kai.

"Ga na Juma'a, baiwar Allah. A sa mu a addu'a."

Ɗalha ya ji gwiwarsa ta rissina. Babba ya miƙo hannu, ba a mayar masa da shi, haka aka tashe shi.

"Allah ya saka da alheri, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi."

Sai da ya gama faɗa ya ɗago kai. A tsallaken titi, a ƙofar makaranta, Malama Sa'ida tana tsaye da lema. A gefenta Hafsat ce, a bayansu kuma kusan duk 'yan aji biyar, har da wani yaro mai keken guragu da kurame biyu. Malama ta fito da su ne su tari Ikram da tafi. Hannuwan wasu ma a ɗage suke.

Ba wanda ya tafa. Can wani yaro daga baya ya ja murya irin ta mabarata, "Sadaka, fi sabilillahi," wasu suka kece da dariya.

"Mikail, Allah sai na fasa maka baki," muryar Hafsat ta tsallako titi.

Ikram ta ji muryar. Tun da aka ɗauke mata sanda daga ƙasa ba ta san inda take ba, sai yanzu.

"Yaya, ina muke?"

Ya kau da kai gefe.

"Su waye suke dariya?"

Ta fizge sandar da duk ƙarfinta. Shi kuma, ganin adaidaita sahu tana tahowa a guje, sai ya ƙara damƙewa. Sandar ba a yi ta don a ja ta ta kai biyu ba. Gaɓoɓin suka zare, robar ciki ta miƙe, ta tsinke. Gaɓa ɗaya ta rage a hannunta, ɗaya a nasa, ɗaya ta faɗi a taɓo, ɗayar ta gangara cikin kwata ruwa ya tafi da ita. Hijabin ya zame gefe, farin ya bayyana, da jakar makaranta.

Dattijon ya ja da baya.

"Subhanallahi. 'Yar makaranta ce? Ku yafe ni, 'ya'yana. Yadda na gan ku ne."

Ikram ta buɗe hannu, kuɗin ya faɗi cikin taɓo. Dattijon bai ɗauka ba, Ɗalha bai ɗauka ba.

Malama Sa'ida ta tsallako. Ba ta kama ta ba, ta tsaya a gefenta ta yi magana a hankali.

"Ikram, ni ce. Ga gwiwar hannuna a hagunki, in kina so."

Ikram ta laluba ta riƙe. Suka tsallaka, yara suka dare suka ba su hanya. Ɗalha ya tsaya inda yake da guntun sanda a hannu, masu shaguna suna kallon sa. Ya so ya tafi, ƙafar da ta dame shi da sauri tun safe ta ƙi ɗaguwa.

Bayan ɗan lokaci Malama ta dawo ita kaɗai. Ta sunkuya ta ɗauki gaɓar da ke cikin taɓo, ta goge da gefen mayafinta.

"Malam Ɗalha."

Da zaginsa ta yi, da ya fi masa sauƙi.

"Malama, ruwa ne ya tafi da katakon."

"Na sani. Na bi lungun da sassafe, na gani. Gaba kaɗan akwai murfin siminti a kan kwatar, mun sha bi ta nan ni da ita. Shi take tunowa."

"Sauri nake yi."

"To je ka, kada ka makara."

Ta miƙa masa gaɓar ta koma ciki.

Ya je Dawanau, don bai san inda zai je ba in ba can ba. Ya tarar an gama lodi, wancan yaron yana saman tirela yana ɗaure tamfol. Sule ya dubi taɓon da ke ƙafarsa da guntayen ƙarfen da ke hannunsa, ya ce, "Wai me ya same ka?" Ɗalha ya ce ba komai.

Labari ya riga shi isa gida. Matan da ke aiko yara sayen waina, yau da kansu suka zo, kowacce da irin nata jajen. Wata ta ce ita ba ta yarda ba da aka gaya mata. Wata ta ce in abin ya kai haka ai da an yi magana, maƙwabta suna nan. Da Ɗalha ya shigo, Umma tana wanke tanda, Ikram tana ɗaki, Hafsat ce ta rako ta bayan an tashi.

Umma ba ta ɗaga murya ba, ba ta ma dube shi ba.

"Ubanku ya yi jinya har ya koma ga Allah, bai taɓa miƙa wa kowa hannu ba. Yau an ce min an ga 'ya'yansa a bakin titi."

"Umma, ba haka aka yi ba."

"An ba ku ko ba a ba ku ba?"

"An ba mu."

"Ka yi godiya ko ba ka yi ba?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ci gaba da kankare tanda.

"Ta zauna tukuna. Ba zan sake jin wannan ba."

Washegari ya haɗa guntayen da wanda ya rage a hannun Ikram, ya kai wajen mai faci. Aka yanko roba daga tsohon tib aka zura, aka samo bututun eriya aka maye gaɓar da ta ɓata. Ya roƙi ragowar farin fenti wajen wani mai rubutun allo, ya shafa, ya shanya a kan rufi. Da ta bushe ya kai mata ɗaki. Ikram ta karɓa, ta bi ta da yatsa gaɓa-gaɓa, ta tsaya a kan sabuwar.

"Ta ɗan fi nauyi. An gode."

"In Umma ta huce, Litinin sai mu gwada. Zan tsaya a baya, nesa ma. Na rantse ba zan taɓa ba."

Ta naɗe sandar ta ajiye a bayan ƙofa.

"Da, in ina tafiya na ji takunka a baya, sai hankalina ya kwanta. Yanzu in na ji shi, jira zan yi ta yi ka ɗauke min ƙasa."

"To in ba na nan fa? Ke kaɗai?"

"In wani ya sake sa min abu a hannu fa? Ni ba na ganin sa yana tahowa, Yaya."

Ya fita soro ya zauna.

Malama Sa'ida ta zo sau da yawa. Umma tana shimfiɗa mata tabarma, ta kawo mata waina da miyar taushe, ta saurare ta har ƙarshe, sannan ta ce a bari dai tukuna. Malama ta ce ta yi wa ajin magana, ta sa kowane yaro ya rufe ido da ɗankwali ya zagaya filin makaranta da sanda, Mikail ma ya faɗa cikin shukar fulawa har ya yi kuka. Ikram ta ɗan yi murmushi, amma ba ta ce za ta koma ba.

Hafsat ma tana zuwa ranar Asabar, da littattafanta. Ɗalha yana jin su daga soro.

"Wallahi tun da kika daina zuwa ban ƙara cin lissafi ba. Jiya sifili aka ba ni, har da kunnuwa aka zana masa."

"Ke ma kin cika wasa."

"Ki dawo mana. Ni zan riƙa zuwa ina ɗaukar ki."

"Daga Ƙofar Dawanau? Babanku ba zai bari ba."

"Na tambaye shi," in ji Hafsat, muryarta ta yi ƙasa. "Ya ce ya yi nisa."

Sannan Ikram ta ce, "Me suke kira na a aji?"

"Ikram mana."

"Hafsat."

Hafsat ba ta amsa ba. Ɗalha ya tashi ya bar soron, ya bi lungu har babbar kwata. An sa sabon katako. Ya matsa gaba kaɗan ya ga murfin simintin, faffaɗa, ko akuya mai ciki za ta bi ta kai. Ya tsaya a kansa har wani mai kura ya ce ya ba shi hanya.

Jarrabawar ƙarshen shekara ta zo ta wuce. Ranar da aka ba da hutu Malama ta aiko cewa gurbin Ikram yana nan, amma in ta dawo aji biyar za ta maimaita, tunda ba ta zauna jarrabawa ba. Hafsat ta wuce aji shida. Umma ta ce a bari a ga bayan damina.

Abin da aka rasa ke nan: gaɓa ɗaya ta farar sanda, aikin tirela, zango guda na koyon hanya, jarrabawa, shekarar karatu ɗaya, da benci ɗaya da Hafsat.